Tabarau ɗinta yana aljihuna

Malama, ki taimake ni, don ba ni da wanda zan gaya wa. Shekaruna tamanin da ɗaya, ƙafafuna sun gaji, abokaina duk sun riga ni. Mai ɗakina ce kaɗai ta rage mini, yau kwananta tara a sashen masu tsananin jinya saboda ciwon huhu.

Ranar da aka cire mata bututun numfashi, na ɗauke tabarau ɗinta na sa a aljihu. Ban so ta ga wayoyin da ke jikinta ta tsorata. Na ja labule, nakan yi shiru don ta huta.

Akwai wata ma'aikaciya da aikinta shi ne mayar da majinyata kan ƙananan hidimomin yau da kullum. Tana zuwa ta buɗe labulen, ta faɗa mata rana da wata, ta ba ta mataji wai ta taje kanta. Da ta ji ɗinki ne sana'arta, sai ta kawo maɓallai ta ce ta ware su launi-launi. Na ga wannan wahalarwa ce, na ce ta ƙyale ta. Ta tambaye ni ko tana sa tabarau, na ce a'a. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Tun shekaranjiya mai ɗakina ta daina kirana Malam. Tana kallon lungun ɗakin tana cewa ga mutane can suna auna farin yadi daidai tsawonta, wai sun rage kamu ɗaya. Shekara hamsin tana auna yadi, ba ta taɓa kuskure ba. Ko lokaci ne ya yi?

Tsohon malamin makaranta

Baba, sannu da jinya. Tausayi ne ya sa ka, amma tausayin nan ya rufe ta cikin duhu.

Abin da ka bayyana ya yi kama da ruɗewar da kan kama masu tsananin jinya. Ba hauka ba ne, ba kuma saƙon ajali ba, amma yana da haɗari idan aka bar shi. Wanda ba ya gani sosai, ba ya bambance safiya da yamma, ƙwaƙwalwarsa kan cike gurbin da abin tsoro. Ina zaton ma'aikatan jinya take hangowa suna ninke zanen gado.

Kana da gaskiya, hutu magani ne, kuma in ta gaji ka faɗa. Sai dai matajin da maɓallan su ma magani ne.

Yau, ba gobe ba, ka gaya wa likita abin da take gani, don a bincika ko wani magani ko zazzaɓi ne ya jawo. Ka gaya wa ma'aikaciyar gaskiya. Ka buɗe labule, ka faɗa mata ranar, ka kawo tef ɗin awonta.

Ban yi maka alkawarin za ta gane ka nan take ba. Amma ka fito da tabarau ɗin nan ka sa mata da hannunka, ka tsaya inda fuskarka za ta zama farkon abin da za ta gani. Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara maka ƙarfi.