Mai Karanta wa Layi na Shida

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da maiɗakinka da jikokina.

Shekaruna saba'in da tara, kuma a cikinsu babu guda da na yi ina neman a tausaya mini, don haka ka adana tausayinka ga wanda yake bukata. Wasiƙarka ta iso. Na fahimci ka gyara mini ɗaki a ƙasan bene, ka sa masa labule, har ka aiko da akwatuna uku domin in zuba kayana. Na gode. Suna nan bayan ƙofa, babu abin da ya shiga cikinsu sai ƙura.

Maƙwabciyata da ta kai maka rahoto ba ta yi ƙarya ba. Kowace Laraba da ƙarfe biyu na rana nakan je gidan silima, in zauna a layi na shida, kujera ta tsakiya. Abin da ba ta faɗa maka ba shi ne aiki nake zuwa yi. Finafinan da ake nunawa a wannan lokaci na ƙasashen waje ne, fassararsu tana gudu a rubuce a ƙasan allo. Akwai mata huɗu da ba su sami zarafin karatu ba: mai ɗinki, mai wanki, mai kayan miya, da matar da take share gidan silimar. Biyu suna zama a damana, biyu a haguna, ina karanta musu ƙasa-ƙasa. Shekara arba'in na yi ina koyarwa, goma sha biyar daga ciki ina shugabantar makaranta, amma ban taɓa samun aji mai natsuwa irin wannan ba.

Ka tambaya me tsohuwa take nema a kallo. Mai wanki takan ce a can ne kaɗai hannunta yake bushewa na awa biyu. Mai kayan miya tana zuwa ne ta yi kukan da ba ta da lokacin yi a gida. Ni kuwa, idan aka kashe fitila, babu wanda yake duban furfurata. Muryata ake jira.

Batun idona, ƙalau yake. Likitan bara yaro ne mai son yanka.

Wassalam.
Mahaifiyarka.

*

Umma,

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Yara suna gaishe ki, suna ta rigima a kan wanda zai riƙa kwana kusa da ɗakinki.

Umma, na karanta wasiƙarki sau biyu, na farkon da ƙyar. Layukanki suna hawa kan juna, kuma a shafi na biyu rabin jimla ta fita daga takarda, ina jin tana nan a kan teburinki. Ke ce fa kike mayar mana da aikin gida saboda harafi ɗaya ya karkace. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe miki gani, aikin kuwa bai kai minti talatin ba. Kin ƙi aikin, kin ƙi tahowa, kuma kina tsallaka babban titi ke kaɗai. Idan mota ta taɓa ki, me zan ce wa yayyena?

Wani abin dariya kuma: ke ce kika zane ni don na leƙa silima ina aji huɗu.

Ƙarshen wata zan zo da mota, mu taho tare. Don Allah kada ki ce a'a.

Ɗanki, Auta.

*

Zuwa ga ɗan Malama,

Salamu alaikum, ya gida, ya aiki, ya yara? Ba ka san ni ba. Ni ce mai ɗinki, wadda take zama a daman mahaifiyarka. Mai yankan tikiti ne yake rubuta mini, na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya yi mini kwalliya. A wurinsa muka sami adireshinka, don shi yake rubuta wa Malama bayan ambulan yanzu. Ta ce wai rubutunsa take son gyarawa.

Mun ji za ka ɗauke ta. To bari ka ji abin da ba za ta faɗa maka ba. Wata huɗu ke nan Malama ba ta ganin rubutun nan. Fuskoki take gani dishi-dishi, ta saurari murya, sai ta ɗinka maganar da kanta. Ni kuwa na san ɗinki in na gan shi.

Ga yadda muka gane. Akwai wani fim da wata mata ta tsaya a tashar jirgin ƙasa da jaka, mijinta yana roƙonta. Malama ta ce mana wai za ta je ta ɗauko tsohuwarta ne ta dawo. Muka ce madalla da 'yar albarka. Fim ya yi ta tafiya, mata ba ta dawo ba. Mai kayan miya ta tambaya, Malama ta ce jirgi ne ya makara. Har aka kunna fitila jirgin nan bai iso ba. Mai shara ta je ta titsiye wannan da yake rubutun, ya ce ai matar cewa ta yi ta tafi ke nan har abada. Muka zauna a kan matakala muka yi shawara. Mai wanki, wadda nata mijin ya fita shekara tara ba labari, ta ce: "Ni dai na Malama na ji. A bar mini jirgina ya makara."

Tun ranar ba wadda ta tanka. A fim ɗin Malama mugu yana ba da haƙuri da nahawu mai kyau, yara suna gaida manya, wanda ya mutu ma wani lokaci suma ya yi. Titi kuma da kake tsoro, mu muke tsallakar da ita. Tana tsammanin ita take riƙe da ni saboda ƙafata.

Ka yi mata maganin ido in ka iya, mu mun kasa ko ɗaga zancen. Amma kada ka raba mu. Kuma don girman Allah kada ta ga takardar nan.

Ka huta lafiya.
Mai ɗinki.

*

Umma,

Gaisuwa. An roƙe ni in ɓoye takardar da ke cikin wannan ambulan, amma ke kika koya mini cewa ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Ki sa a karanta miki. Na fasa zuwa da mota sai na ji daga gare ki.

Auta.

*

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma ina fatan ka lura da yadda layukan nan suka miƙe.

Mai yankan tikiti ne ya karanta mini takardar, yana gumi, tunda shi ya rubuta ta. Laraba biyu ban fita ba. Ni da ban taɓa yafe wa ɗalibi satar amsa ba, ashe wata huɗu ina tsaye a gaban aji ina ƙirƙira, ajin kuma yana sane, yana rufa mini asiri. A Laraba ta uku suka zo su huɗu suka cika mini falo. Na shirya jawabin neman gafara mai sakin layi uku. Ban kai ƙarshen na farko ba mai kayan miya ta ce in bari, shayina yana hucewa.

Litinin ta makon jiya aka yi mini aikin idon dama. Ni na je na rubuta sunana, ni na sa hannu. Mai ɗinki ta raka ni, kuma wannan karon na san wa yake riƙe da wa. Likitan nan da na kira yaro ya iya aikinsa. Ka ga na faɗa.

Jiya na koma layi na shida na karanta musu fim daidai, kalma da kalma. Aka kashe jarumin, na faɗa musu an kashe shi. Da muka fito mai wanki ta dube ni ta ce, "Malama, wannan sabon idon naki ba shi da imani."

Saboda haka mun daidaita. Zan riƙa karanta gaskiya da idon dama har fim ya kusa ƙarewa. Idan ya rage minti goma, sai in rufe shi in duba da na hagu. Likita yana son ya taɓa na hagun ma; na ce masa akwai aikin da yake yi tukuna.

Ɗakin ƙasan bene ka bar wa yara su yi karatu. Akwatunanka uku na riga na ba mai ɗinki, ta zuba yadi a ciki. Idan kana son ganina, ka zo ranar Laraba kafin ƙarfe biyu. Na sa an ajiye maka kujera a ƙarshen layi, kuma na yafe maka laifin aji huɗu.

Wassalam.
Mahaifiyarka.