Jemagun Gidan Tsietsi

Gidan gona, bayan Ficksburg
Afrilu, 1999

Zuwa ga Yayata Mosele,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aikin asibiti, ya kuma ƙafar taki? Mu nan sai godiyar Allah. Har yanzu ba a jawo mana waya ba, shi ya sa kika ga takarda.

Kin ce in gaya miki gaskiya a kan gidan nan da Baban Moipone ya saya. Daga waje, Yaya, sai ki ce a hoton kalanda yake. Ginin dutse ne, bishiyoyin bakin hanya duk sun yi rawaya suna kaɗe ganye, masarar maƙwabta ta bushe a tsaye, da safe kuma sanyi na saukowa daga duwatsun Lesotho. Amma ki sa ƙafa ciki ki ji. Wari ne kamar na fitsarin da ya kwana a fo. Jemagu ne cike da silin. Gidan ya yi shekaru ba kowa, sun gaje shi. Katakon silin ya yi tumbi kamar mai tsohon ciki, wani baƙin ruwa na tsattsafowa ta tsakanin katakai, kashinsu kuma na zubowa kamar baƙar shinkafa. Rannan na tsince shi a cikin tuwon masarar autanmu Tumo, bayan ya riga ya ci rabi. Ban iya sa komai a baki ba sai washegari.

Karatun yara kuwa ba na nadamar cire su daga makaranta. Moipone ta wuce 'yan ajinta a lissafi. Khotso, da malamarsa ta kira daƙiƙi, yanzu shi ke karanta wa ƙaninsa labari. Sai dai a ɗakin cin abinci muke yi, don nan ne kaɗai ke da murhu, kuma nan silin ya fi lalacewa. Kafin mu buɗe littafi sai na share tebur, kafin mu rufe sai na sake. Khotso ya ce, "Mama, duk ƙasar nan makarantarmu ce kaɗai ake ruwan kashi." Na so in tsawata masa, dariya ta ƙwace min.

Na ce da mijin nawa, Tsietsi, a fara da silin. Ya ce baranda tukuna, don ita baƙo ke fara gani. Ya gayyaci waɗansu iyalai masu koyar da 'ya'yansu a gida su zo cin abinci a watan gobe. So yake labari ya kai kunnen abokan aikinsa na dā cewa bai yi wauta ba da ya ajiye aikin koyarwa. Yini yake yana goge ginshiƙai yana shafa fenti, har da waƙarsa.

Tumo na ɗan tari, da zazzaɓi in yamma ta yi. Ƙila canjin yanayi ne.

Ki gaishe min da kowa. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Sebolelo


Bloemfontein
Afrilu, 1999

Sebolelo,

Bayan gaisuwa, na ga takardarki a lokacin hutun shayi, kuma kin hana ni shan shayin.

Canjin yanayi? Ke da Mama ta goya, wadda ba ta barin cokali ya kwana da maiƙo, ke ce kike tsince kashi a abincin ɗanki kina rubuto min labarin ganye mai rawaya? Ki saurare ni. Kashin jemage in ya daɗe ya bushe, ƙurarsa na shiga huhu. Na ga ƙattin maza masu shiga kogo an kawo mana su ranga-ranga saboda ita, balle yaro ɗan shekara huɗu. Ki fitar da yaran daga ɗakin nan yau, ko a gindin bishiya ne ku yi karatunku. Ki kai Tumo a ɗauki hoton ƙirjinsa. In mai gidan naki ya ce motar tana ɗaukar siminti, ki tare motar madara ki hau.

Ba karatun gida nake zagi ba, kada ki juya min magana. Ki koyar da su har su zama likitoci, amma sai da numfashi ake karatu.

Shi ma na rubuta masa tasa daban, ban kuma sa mata sukari ba.

Ki sumbatar min yaran. Allah Ya tsare.

Yayarki,
Mosele


Gidan gona
Mayu, 1999

Zuwa ga Malama Mosele,

Ina miƙa gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya.

Na karanta saƙonki, na kuma yafe kalmomin da ke ciki, domin na san ƙaunar yara ce ta kawo su. Sai dai ina so in tunatar da ke cewa gyaran tsohon gida aiki ne mai tsari, ba a yin sa da garaje. Silin yana cikin jerin ayyukana, zai zo a lokacinsa, bayan hunturu.

Game da jemagu, mutanen birni sun faye tsoron halittun Allah. Ni ina kallon su a matsayin darasi. Makon jiya na sa yara sun zana fiffikensu, sun kuma koyi cewa jemage ba tsuntsu ba ne. Wace makaranta ce za ta ba su wannan?

Tumo yana shan zuma da lemon tsami, kuma a ganina tarin ya ragu. Ina roƙon ki daina tayar wa 'yar'uwarki hankali, tana da aiki a gabanta, muna da baƙi ranar Asabar. Da za ki zo ki ga barandar da idonki, da kin canza ra'ayi.

Na gode. Ki huta lafiya.

Mijin ƙanwarki,
T. Nkhahle


Gidan gona
Mayu, 1999

Yaya,

Ina gaisuwa.

Na bi maganarki rabi da rabi. Na mayar da karatu baranda, amma asibiti Tsietsi ya ce a bari baƙi su zo su tafi. Na yarda, Allah Ya yafe min.

Asabar suka zo, mota uku, yara fal. Na dafa naman rago, kabewa, biredin tururi, na jera a dogon teburin ɗakin cin abinci. Tun jajibere Tsietsi ya shafe silin da farin fenti, a kan ƙazantar, ya ƙona turare kamar gidan makoki. Na gayyato maƙwabciyarmu ma, Goggo Elsabe, wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu bara.

An zauna, wani dogo mai suna Ntate Lephoto ya ɗaga kai ya ce, "Malam, silin nan naka bai sunkuyo ba kuwa?"

Tsietsi ya yi dariya ya ce, "Katakon mutanen dā ne, ba irin kwalin da kuke sa wa gidajenku ba. Ba ni sandarka ka gani."

Na ce, "Baban Moipone, don Allah zauna."

Ya ce, "Ke dai zuba miya."

Ya ɗaga sanda ya doki silin, ƙwas. Ya ƙara. Sai muka ji wata ƙara kamar an yage buhu. Yaya, sama ta sauko. Kashin shekara da shekaru, busasshe da ɗanye, da mushen jemagu, da ƙasusuwan ɓeraye, da tsutsa farare suna motsi, duk a kan naman, a kan kawunan mutane. Masu rai suka tashi suna buga mana fuska. Matar Lephoto ta buɗe baki za ta yi ihu, abin ya shiga, ta durƙusa tana kwarara amai a kan takalmin mijinta. Ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai. Na laluba na suri Tumo na yi waje, yana tari har leɓensa ya canza launi.

Muna tsaye a tsakar gida, kowa baƙi ƙirin, mata na zazzage gashi, kin san abin da mijina ya ce? Ya share fuska ya ce, "Yara, kun ga wannan? Babu takin da ya kai shi kyau. Ku ɗauko buhuna."

Moipone ta dube shi ta ce, "Baba, akwai tsutsa a kunnenka."

Goggo Elsabe na wanke wa Khotso ido a bakin famfo. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Tsietsi, ranar da ka zo duba gidan nan, marigayi mijina bai hau da kai cikin rufin ba? Bai nuna maka da fitila ba? Bai ce maka ka sauke silin ɗin nan ka ƙone shi kafin ka kawo yaro ko ɗaya ba?"

Ya ce, "Goggo, ba yanzu ba."

Na ce, "Ka hau? Ka gani da idonka?"

Ya ce, "Da na faɗa miki, ai da ba ki zo ba."

Yaya, na sha ƙyamar gidan nan, amma ban taɓa jin abin da na ji ina kallon bakinsa yana wannan maganar ba. Kullum yana zaune yana kallo na ina tsince wa ɗansa abinci, ashe ya san nauyin abin da ke kanmu.

Baƙi sun tafi ba sallama. Mu muna gidan Goggo Elsabe, ta yi mana wanka da ruwan zafi, ta ƙone kayan da ke jikinmu. Tumo ba ya iya kwanciya, sai a jingine. Ɗan Goggo zai kai wannan takarda gidan waya yau, jibi kuma zai kawo mu wajenki in likitan Ficksburg ya ce yaron zai iya doguwar tafiya. Ki nema mana gado.

Sai mun zo.

Sebolelo


Bloemfontein
Yuni, 1999

Baban Moipone,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Takardunka sun iso.

Tumo ya fita daga haɗari. An cire masa robar iska, jiya ya ci kunu. Likita ya ce zai daɗe yana shan magani. Ya tambaye ka.

Karatu bai tsaya ba, muna yi a teburin Yaya kafin ta dawo daga aiki. Littattafan da ke ɗakin cin abincin nan kada ka aiko, ka ƙone su.

Ka ce za ka zo ɗaukar mu ranar Juma'a. Ka zo ka ga ɗanka, amma ba za mu biyo ka ba. In ka sauke silin na kowane ɗaki, ka kwashe, ka wanke, ka toshe rufin, sai Goggo Elsabe ta shiga ta duba, ta rubuto min da hannunta. Naka rubutun ba zan iya dogara da shi ba tukuna.

Ka ɗaure hancinka da bakinka in za ka hau.

Allah Ya kiyaye.

Sebolelo