Gonar da Babanka Ya Tono Daga Fako

Zuwa ga ɗana Iliya, can arewa wajen makiyaya inda kake aikin Ubangiji.

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da mutanen da suka ba ka masauki.

Mu nan Illela da sauƙi. Ƙanwarka Rahila da jaririnta lafiya lau. Kakarka ƙafa ta hana ta zuwa majami'a, sai matan zumunta su zo su yi mata waƙa a gida. Ni idon hagu ne ke ruwa, an ba ni magani a likita. Da hannuna nake rubuta wannan, in layi ya karkace ka yi haƙuri.

Maganar gona ce ta zaunar da ni. Baffanka Sani ya zo ya ce rani ya yi nisa, ramukan tassa, masu tare ruwan sama don shuka, sun cike da ƙasa, ba a kai taki ba. Yana so a ba ɗansa Habu aron gonar ya gyara kafin ruwa ya sauka. Baffanka ba mugu ba ne. Da marigayi babanka ya bi Almasihu, shi kaɗai ne cikin dangi bai daina cin tuwon gidanmu ba. Amma ka san yadda abin yake a nan. Wanda ya tona tassa, ya zuba taki, ya jera duwatsu har damina uku, ko maigari ba ya iya ce masa ya tashi. A baki aro ne, amma gonar ta tafi.

Ba ka ga wurin yadda yake a da ba. Fako ne, ko akuya ba ta tsayawa. Shi aka tura wa babanka lokacin rabo, kuma kowa ya san dalili. Bai kai ƙara ba. Ya ɗauki diga, rani huɗu yana tona rami bayan rami, ina biye da kwandon taki a ka, kana goye a bayana. Tafin hannunsa ya tsage har ba ya iya riƙe ludayi. Yakan ce mini, “Abin da aka hana mu saboda Shi, ba mu yi asararsa ba.”

To, ga abin da na yi. Na ce wa baffanka kana tafe kafin shuka. Ƙarya na yi, Iliya, ban ji haka daga bakinka ba. Ran Lahadi aka yi jibin Ubangiji, gurasa ta iso gabana, na bar ta ta wuce.

Ranar da ka ajiye koyarwa a lakwal, makarantar boko, na tsaya gaban jama'a na ce na ba Allah ɗana. Har guɗa aka yi. Na zaci bayarwa abin yini ɗaya ne. Ban san kowace damina za a sake tambaya ta ba.

Da ban iya karatu ba, in fasto ya karanta abu mai nauyi sai in ce da wasu ake. Yanzu da yatsana nake bin kalma kalma, wurin da Ubangiji ya yi maganar masu barin gidaje da gonaki dominsa, kuma babu kowa a ɗakin sai ni.

Ɗana, ina tsoron hanyoyin da kake bi. Ina tsoron ka tsufa ba ka da inda za ka sa hauya. Amma na fi tsoron in tsaya tsakaninka da wanda ya kira ka.

Jiya na je na gaya wa baffanka gaskiya. Ya ce zai jira har Juma'a ta sama. In an sauko daga masallaci zai kai Habu gaban maigari.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, ya ba ka zuciyar jin muryarsa fiye da tawa, ni kuma ya ba ni ƙarfin yarda. Amin.

Ka aiko da amsa kafin ranar nan, ko ta wayar fasto. In ka ce a ba Habu, ni da kaina zan kai shi in nuna masa iyaka.

Taka innarka,
Saratu