Sunayen Kakanni a Hannun Balkisa

Gamkalle, Yamai.

Zuwa ga yayata Hajiya Yelwa, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lahiya, ke da 'ya'ya da jikoki da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar da jikanki Mansur ya gaya mana, ya ƙara miki kwana masu albarka. Mu ma nan muna lahiya, sai godiya. Ruwan kogi ya ja baya, yara sun dasa salati da kabeji a garka, ni kuwa sunkuyo ya gagare ni, sai dai in zauna a inuwa in yi ta faɗa, su yi ta yi kamar ba da su nake ba. Ɗiyata Mariyam ta sauka lahiya, namiji, an mayar da sunan Baba, Isa. Ita ce ke riƙe da biro yanzu, tunda kin san ni ban taka ƙofar lekol, makarantar boko, ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in ta gyara mini magana Allah yana gani. Ta ce in kira ki a salula mana, na ce wannan magana ba ta iska ba ce, so nake a karanta miki, ki kwana da ita, a sake karanta miki.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin san kafin Baba ya rasu ni ya damƙa wa sunayen kakanninmu goma sha ɗaya, daga shi kansa har zuwa Arzika, wanda ya haƙa rijiyar farko a ƙauyenmu na ƙasar Dogon Dutsi. Tun daga lokacin, kowace Juma'a bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma in tara yara, in faɗa su maimaita, kuma ba na sallamar yaro sai ya kawo mini su daga farko har ƙarshe da bakinsa. Da wannan nake taƙama a unguwa, har Zabarmawa maƙwabta suna ce mini tsoho mai rumbu a ka. Duk zuriyata ban tsallake kowa ba sai mutum biyu: ɗana Yakuba, da aka haifa kurma, wanda Allah ya karɓa shekara uku ke nan, da ɗiyarsa Balkisa, wadda ta gado shi. In ɗayansu ya matso tabarma, sai in kaɗa masa bayan hannu, ya je can ya yi wasa. Ba ƙiyayya ba ce, Allah shaida. Gani nake me za a zuba a tulun da ba shi da baki? Balkisa yanzu shekararta goma sha biyu, kuma ko wasan jika ban taɓa yi da ita ba, ban taɓa ce mata amarya ba kamar sauran.

Bara sai ga wasu matasa biyu uwarta Zeinabu ta kawo gida. Ɗaya Idrisa, ɗan unguwar Kirkisoy, shi ma kurma ne amma ya yi karatu mai zurfi. Ɗaya Nana, 'yar unguwar Dar es Salam ta nan Yamai, ita tana ji, ita ke yi masa tafinta. Ɗan shago suka buɗe a ƙetaren gada, suna ɗaukar darussan lekol, lissafi da Faransanci da sauransu, cikin maganar hannu, su zuba a wani ɗan kati da bai kai farcen yatsa ba, a sa a salula yaro ya yi ta kallo ko babu rezo, wato sabis ɗin waya. Kowace Asabar kuma su tara yaran su gwada su. Sau biyu na kore su. Na ce ɗiyar gidana ba biri ba ce da za a koya mata rawa da hannu, su je su nemi aikin yi. Nana ta durƙusa ta ce Baba Tsoho ai aikin ke nan, kuma za ta yi ta dawowa har bencin ƙofar gidana ya san ta, in ya so in kore ta da bencin gaba ɗaya. Na ce da Zeinabu ban yarda ba. Ta ce to, ta shiga ɗaki, ta yi gaban kanta, ta sa yarinyar karatun ban sani ba. Wata takwas bayan haka na tarar an rubuta wani abu da gawayi a bangon garka, na tambayi wane marar kunya ne, aka ce Balkisa ce ta rubuta sunanta. Na sa aka goge. Ki ji fa irin taurin kan ƙanenki.

To, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ni kuwa ganin ma ana shirin karɓewa. Tun damina nake ganin hazo a gefen ido, ina cewa rana ce, har Mariyam ta ja ni wurin likita da ƙarfi. Ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama zai bi shi. Maganin ɗigawa zai ja lokaci kaɗan, amma ba zai dawo da abin da ya wuce ba. Ban ji tsoron duhu ba, shekara saba'in da takwas na ga abin da zan gani. A cikin taksi muna komowa ne abin ya faɗo mini: yarinyar nan ba ta da kunne, ni kuma na kusa rasa ido. Ranar da ya rufe, ko ta tsaya gabana ta yi magana yini guda, ba zan san me ta ce ba. In kuwa ban ga ta kawo mini sunayen da hannunta ba, to ban ba ta ba ke nan, kamar yadda ban ba ubanta ba.

Washegari na hau kabu-kabu na ƙetare gada, ni da Balkisa da uwarta a baya. Na yi zaton Idrisa zai rama korar da na yi masa, sai ya tashi ya ba ni kujerarsa. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta bakin Nana ya bayyana mini cewa kurame ba da sunan yanka suke kiran mutum ba. Kowa suna ba shi sunan hannu daga abin da ido ya gani a jikinsa ko halinsa, tabo ne, ko tafiya, ko sana'a. Shi nasa yatsa ne a kan wushiryarsa. Na Nana yatsu biyu a gefen ido saboda tabarau. Ya ce in ina so yarinya ta riƙe kakanninta, sai kowannensu ya sami nasa sunan hannu, kuma ni kaɗai zan iya faɗin yadda suke. Sai na ce to ni mene ne nawa? Nana ta ce Baba Tsoho a bar wannan sai wata rana. Na ce ba ni tashi sai na gani. Aka tambayi Balkisa, ta dubi uwarta, sannan ta ɗaga hannu ta kaɗa bayansa sau biyu, kamar mai korar kaji daga shanya. Zeinabu ta sunkuyar da kai ta ce ba yarinyar ta raɗa ba, a wurin ubanta ta koya. Tun Yakuba yana ƙarami da haka yake kirana. Yaya, shekara talatin da huɗu ɗana ya yi a duniya, kuma abin da ya fi sani a wurina ke nan. Nana ta tambayi Idrisa ko ana iya canzawa, ya ce mai suna ba shi ke zaɓa ba, sai in su kuramen sun ga dama. Na ce a bar shi, ba ƙarya yaron ya yi mini ba.

Daga ranar muka kama aiki. Kowace Asabar ina can, Idrisa na ɗauka a salula don kada ya ɓace. Yana dariya wai hannuna i'ina yake yi, Balkisa kuma ta samu baki, ta ce mijin nata ya tsufa, hawainiya ta fi shi sauri, za ta sake shi ta auri mai moto. Na ce Nana ta gaya mata amaryar da ba ta iya dama fura ba wa zai ɗauka. Mun gama shida. Baba, murza gemu da yatsu uku, kin tuna yadda yake yi in zai yanke magana. Arzika, haƙa. Nomau, wanda kura ta cinye wa jaki ya bi ta har rami, shi ma ya samu, da wasu uku da nake da labarinsu. Amma biyar sun tsaya mini: Kaka Abdulaye, da Tanko, da Maigizo, da Gado, da Bawa. Na duba rumbun da ake yabo, na tarar sunan kawai na riƙe, ɓawo babu ƙwaya. Ban san ko dogaye ne ko gajeru ba, ban san abin da suka yi da hannunsu ba. Nana ta ce a yi harafin farko na sunan kowanne da yatsu, ya wadatar. Na ce a'a, haruffan lekol ba su san kakana ba, kuma ba ni ƙirƙiro wa matacce kamar da ba tasa ba. Yanzu in Balkisa tana kawo jerin, duk inda ta iso kan ɗaya daga cikin biyar ɗin sai ta buɗe tafin hannu ta dube ni, tana jira. Wannan kallon ya fi mini ciwon idon zafi.

Shi ya sa na zo gare ki. Ke kika tashi a ɗakin kakarmu Inna Fatuma, ke kika sha labarinta. Ke kika ga Kaka Abdulaye da idonki, kin ci tuwo a akushinsa lokacin ni ina goye. Don Allah, don zumunci, ki zauna ki tono. Yaya yake tafiya? Yana da tsage ko tabo? Da wane hannu yake riƙe sanda? Sauran huɗun kuma ko abu ɗaya Inna ta taɓa faɗi, ko zagi ne, ko abin dariya, ko abin da ba ya ci, ina so. Ki sa Mansur ya ɗauke ki a salula kina nunawa da jikinki, ya turo wa Mariyam. In kuma ke ma kin manta, ki faɗa mini gaskiya, kada tausayina ya sa ki ƙaga. Zan gaya wa yarinyar cewa nan ne muka yi sakaci, ta bar wurin a buɗe, ta san ba laifinta ba ne.

Ki gaishe mini da Mansur da matarsa, da ɗanki Abubakar da iyalinsa, da Adamu in ya dawo daga fatauci, da duk mutanen Zango da suka san Baba. Mariyam da Zeinabu suna gaishe ki, Balkisa ma ta ce in gaida Kaka ta Kumasi. Ki sa Yakuba cikin addu'arki, ki roƙa mini gafara a kansa. Kada ki jira mai zuwa Yamai, Yaya. Watan jiya daga ƙofar gida nake ƙirga yatsun Balkisa. Yau sai ta matso bakin tabarma, ta juya wajen rana.

Allah ya sada mu da alheri, a nan ko a can.

Ƙanenki,
Mijinyawa ɗan Isa