Gidan Yarin Wasa da Na Sa Aka Kai Ki

Araceli, hasken idona, inuwata a tsakar rana, furen lemon da ke cika tsakar gida da ƙamshi,

Da wane ido zan dube ki? Tun ranar Asabar ban bi ta layinku ba, sai dai in zagaya ta bayan kasuwa kamar ɓarawon kaza, alhali zuciyata tana can ƙofar gidanku a tsugune.

Kin san bikin tara gudummawar makarantarmu da aka yi ran Asabar ɗin: rumfar abinci, rumfar ɗaurin auren wasa, da kejin karan nan da muke kira gidan yari, inda mutum zai yanki tikiti a kama masa wanda ya ga dama. Ni wai dabara na yi. Na ce a kulle ki, in zo in fanshe ki a gaban jama'a, in ja ki rumfar aure mu sa zoben roba. A raina har na hango dariyar nan taki mai lotsa kumatu.

Doña Chayo mai dafa wa makaranta abinci, da hular 'yan sandanta ta kwali, ta kamo hannunki tana cewa, "Taho nan, 'yar nan, an kawo ƙararki, wai kin sace zuciyar malami." Kowa ya bushe da dariya, har da ni. Sai da aka ja ƙofar na ga fuskarki. Ba ki yi kuka ba. Kin dai riƙe karan da hannu biyu, yadda kika ce yayanki Rogelio yana riƙe ƙarfen kurkuku idan kin kai masa abinci ran Lahadi. Ni kaɗai kika faɗa wa wannan, a bencin dandali, kanki a kafaɗata. Na sani, zumuɗi ne ya rufe mini ido. Da na zo fansarki kika ce, "Bar shi, Malam, na saba da jira." Malam kika ce, ba Efraín ba.

Ran Litinin darasin hani ya faɗo mini a aji. Na ɗauki misalin littafi na rubuta a allo: no encarceles, wato kada ka ɗaure. Alli ya tsaya a hannuna. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake cewa kada, ni na kasa faɗa wa kaina.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Sau nawa kika ce in raka ki wurin Rogelio, in ce ina da jarrabawar da zan duba? Ƙarya nake, masoyiyata. Tsoro nake kada iyayen ɗalibaina su gan ni a layin ƙofar kurkuku. Na ji kunyar tsayawa kusa da ke a rana, ban ji kunyar mayar da ciwonki abin dariya ba. Wane irin so ne wannan?

Ban ce ki yafe mini yau ba, ban kai ba. Ran Lahadi zan riga ki isa bakin ƙofar kurkukun, duk mai gani ya gani. Idan ranki bai so, kada ki gaishe ni, kada ma ki dube ni. Ki miƙo mini kwandon abincin kawai in riƙe, yana da nauyi, layin kuma da tsawo.

Naki har ƙasa ta rufe idona, ko kin karɓa ko kin ƙi,

Efraín