Ƙararrawar Goggo

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take, ruwan randa a bakin mai ƙishi, iskar da ke riga hadari isowa, uban 'yata kuma ma'ajin sirrina.

Ina yi maka sallama irin ta mai laifi, wadda ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. Ya asibiti? Haƙoran mutane suna nan suna ruɓewa yadda ba za ka rasa aikin yi ba? Ya 'yarmu, har yanzu sai an yi dambe kafin a tsefe mata kai? Wayyo, ina ma ni ce takardar nan, a ninke ni huɗu a sa ni a aljihun direban motar madara, jibi Alhamis in wayi gari a tafin hannunka!

Ka san dalilin da ya sa na rubuto ban kira ba? Ba don sai na hau tankin ruwa nake samun layi ba. Muryarka nake tsoro. In ka ce mini "na'am" da wannan tattausan harshen naka, duk abin da na shirya faɗa narkewa yake yi. Wata shida na roƙa a wurinka ranar da na ɗauki hutun aiki na taho gonar shanun Baba, ga shi yau wata goma sha ɗaya. Makon jiya ka ce mini, "Ni na gama roƙo. Ranar Asabar zan je tasha da yarinyar nan. In kin sauko, magana ta wuce. In ba ki sauko ba, na gane." Ban ga laifinka ba, wallahi ban gani ba. Amma kafin Asabar ɗin akwai abin da na ɓoye maka wata uku, kuma dole ka ji shi daga bakina.

Ka tuna ranar da na sallami mutum talatin da ɗaya daga aiki kafin azahar? Ni ce shugabar sashen ma'aikata, a hannuna wuƙa da nama suke. Ɗaya bayan ɗaya suka shigo ofishina na hawa na tara, ga sanyin na'ura, ga kwalin tishu da na ajiye a gefen tebur saboda masu kuka. Na ƙarshensu tsohon masinja ne da ya shekara ashirin da shida yana hawa da sauka da fayil. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, ranki ya daɗe," ya mayar da kujerar da ya zauna a kai mazauninta, ya fita. Da na sauka wurin ajiye motoci na kasa zura makulli. Na kira ka, ka bar mutum a kujera baki buɗe, ka ɗauko tasi ka zo. Ka zauna gefena ka ɓare lemo da farce, ɓawon bai tsinke ba tun daga sama har ƙasa, ka miƙo mini ka ce, "Sha, sarauniyar sikeli." Ya masoyina, a ranar na san ko duniya ta juya mini baya ina da wurin jingina kai. Wa zai ce mini wata rana ni ce zan bar wannan kafaɗar ta yi sanyi?

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, ka ga yadda aka yi. Yayana yana wata ƙasa, ƙanina ya ce warin kashin shanu tayar masa da zuciya yake yi. Sai ni. Na iso da kwamfuta da girman kai. Shanu ɗari da arba'in, na sa wa kowace lamba a kunne, na auna nonon kowace safe da yamma, na jera su daga mai ƙwazo zuwa ragguwa kamar yadda na saba jera mutane. A can ƙasan jerin akwai wata tsohuwar farar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda kowa a gidan nan yake kira Goggo. Shekara huɗu ba ta haihu ba, ba ta ba da ko ɗigon nono, haƙoranta sun ƙare ƙaf, da kai ne da ka yi mata na roba. Kullum ita ce gaba in an buɗe shinge, tana tafe tana jan ƙafa da ƙararrawa a wuya, sauran suna binta a hankali kamar masu rakiyar mara lafiya.

Kawu, tsohon makiyayin Baba da ya goya ni ina ƙarama, ya same ni a rumfar tatsa ya ce, "'Yar nan, a bar Goggo dai. Ba ta cin da yawa." Na ce ya ba ni dalili ɗaya. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai ita ce Goggo." Dariya na yi, Allah ya yafe mini! Na ɗauka tausayin tsofaffi ne, irin wanda na sha ji a ofis in za a sallami wani. Na kira mahauci ya zo da motarsa. Kawu ya kwance ƙararrawar daga wuyanta ya sa a aljihu.

Rani ya rufa mini asiri. Tsakanin garke da makiyaya akwai fadama, da rani ƙasa ce busasshiya, ko mota ta bi. Goggo kuwa rani da damina ba ta taɓa ratsa ta ba, sai ta zagaya da su ta bayan duwatsu, tafiyar sa'a guda cur. Har na rubuta wannan a cikin abubuwan da ke ɓata mana lokaci. Da ta tafi shanu suka miƙe hanya, minti ashirin sun isa, ni kuwa ina ta yaba wa kaina. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

Mako na uku da saukar ruwa, da hantsi, Kawu ya buɗe shinge. Ya ɗaga sanda zai kora su ta bayan duwatsu, amma gwiwoyinsa sun daɗe da mutuwa, kuma makiyayi a baya yake tafiya, gaba ta Goggo ce. Wani ɗan bijimi ya hango ciyawa shar a fadama ya nufe ta, sauran suka bi. Sama ciyawa, ƙasa taɓo mai haɗiye raƙumi. Sha huɗu suka nutse har ciki. Muka kawo igiyoyi, muka kawo tarakta, maƙwabta suka zo, muka ja tun hantsi har rana ta karkata. Shida muka fitar. Takwas ɗin, da taɓo ya kai musu wuya, Kawu ya shiga da wuƙa a baki yana rarrafe a kan katako, ya yanka su ɗaya ɗaya kafin su zama mushe. Biyu da ciki. Ka taɓa jin kukan saniyar da ta ga an yanka ta kusa da ita, ita kuma ba ta iya motsa ko ƙafa? Kada Allah ya sa ka ji! Ni ina tsaye a bakin fadama da igiya a hannu, tafukana sun sale, na rasa ko hawaye.

Da Kawu ya fito, taɓo da jini har gemu, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya wanke wuƙarsa a kududdufi ya ce, "Nono kika auna, 'yar nan. Hanya ba ta hawa sikeli." Washegari, don hauka, na tuƙa mota har wurin mahaucin ina tambayar saniyar da na sayar masa wata biyar baya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, lafiya kuwa?"

Kada ka ce ban nemi mafita ba, hasken raina. Na kafa shinge sau biyu, ƙasar ba ta riƙe turke, ruwa ɗaya ya kwantar da shi, kuma fadamar kowace shekara gurbi take sauyawa. Na ɗauko makiyaya biyu daga waje, shanu suka ƙi bin baƙo, na farko ya yi kwana tara ya gudu, na biyu ko mako bai cika ba. Sai Kawu ya zaro ƙararrawar nan daga aljihu ya ɗora mini a hannu. Ya ce wanda suka san warinsa ne zai shige gaba, safe da yamma, hanya ɗaya, ba fashi, har wata a cikinsu ta karɓa. Ni ce mai ba su gishiri, ni suka sani. To ka ji abin da matarka ta zama. Mai digiri biyu, mai takalmi mai tsini, wadda in ta shigo taro ake gyara zama, yau da ƙararrawar saniya a ɗaure a ƙugu take tafiya, garke yana biye da ita. In za ka yi dariya ka yi, ni ma wani lokacin ina yi, sai dai ba ta kai ciki.

Akwai wata karsana, jikar Goggo, da ta fara tafiya daidai kafaɗata, in na tsaya ta tsaya. Kawu ya ce ita ce za ta gada, amma sai ta ga damina biyu, wataƙila uku. Saboda kai na gwada su ranar Talatar da ta wuce. Na ɓuya a ɗakin magani na sa aka buɗe shinge. Ko rabin sa'a ba a yi ba suka karkata wajen fadama. Ba takalmi na fita da gudu ina kaɗa ƙararrawa ina ihu kamar wadda gidanta ya kama da wuta, da ƙyar suka juyo.

Baba kuwa ba wanda ya gaya masa an sayar da Goggo. Watannin da ƙararrawa ta yi shiru, ce masa muka yi ba ta da lafiya. Kullum da safe ana turo kekensa baranda, idanunsa ba sa kai wa shinge, kunnensa ne ke aiki. In ya ji ƙararrawa sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya. In na dawo ya tambaye ni da karkataccen bakinsa, "Goggo ta fita?" In ce, "Ta fita, Baba." Ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya lumshe ido. Wannan ƙaryar ce kaɗai ke sa shi cin abinci, kuma kowace safiya sai ta yanke ni.

Saboda haka, ya abin ƙaunata, ga maganar da na yi ta kewaye: ba zan sauko a tasha ranar Asabar ba. Kujerar da kamfani ya ce zai riƙe mini har ƙarshen wata, jiya na rubuta musu su ba wani. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma ni na ɗebo. In na tafi, cikin mako guda rabin abin da Baba ya tara tun kafin a haife ni zai kwanta a taɓo, shi kuma ya wayi gari bai ji ƙararrawa ba. Ina roƙonka da girman Allah kada ka je. Kada ka sa wa yarinyar nan rigarta mai ruwan ɗorawa, kada ka bar ta tana leƙa fuskar kowace mace da ke saukowa daga mota. Ka gaya mata gaskiya daidai yadda kanta zai ɗauka: mamanta ta yi ɓarna, ta tsaya gyarawa.

Ba zan ce ka rufe asibitinka ka taho ba, nan mutum nawa ne da za ka duba wa haƙori? Ba zan ce ka jira ba ma, da wane baki? Na san abin da nake a gidanka yanzu: matar da ba ta kai 'ya makaranta, ba ta tarbar miji, gefenta na gado ya zama wurin ajiye wanki. In ka zauna ka auna ni ka ga ban kai ba, ba ni da ta cewa, ni ce na fi kowa iya wannan aikin. Amma ina son ka, wayyo ina son ka! Ina son ka in na farka, ina son ka a bayan duwatsu in ƙaya ta shige mini ƙafa, ina son ka in na ga hayaƙin motar madara ya nufi inda kake ba tare da ni ba. Yaushe rabon da in ji ƙamshin sabulun asibiti a hannunka? Yaushe rabon da wani ya kira ni da sunan da kai kaɗai ka sani?

Abu ɗaya nake nema. Duk abin da ka yanke, kada ka ba direba ya kawo mini a takarda kamar yadda ni matsoraciya na yi maka. Ka zo da ƙafarka ka faɗa mini, ko da mafi munin magana ce, don in ƙara ganin fuskarka tana motsi. In kuma zuciyarka ta ba ka haƙurin damina biyu ko uku, na rantse ranar da karsanar nan ta wuce ni ta shige gaba da kanta, a ranar zan ɗaura mata ƙararrawa in kama hanya, ko wanka ba zan tsaya yi ba.

Ranar Asabar da ƙarfe goma, lokacin da motar za ta shiga tasha, ina kan hanyar bayan duwatsu. Zan yi kukana son raina. Amfanin tafiya a gaba ke nan, duk suna bayana, ba wanda zai ga fuskata.

Taka ce ni, ka zo ko ba ka zo ba, ka jira ko ba ka jira ba. Ba wani bayanka, ba kuwa za a yi ba, har ranar da za a mayar da ni ƙasa.

Matarka, uwar 'yarka.