Sai An Yaye Bahijja

Dembe, Njamena
12 ga Oktoba

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen Maiduguri. Na ba Hajiya Maiturare wannan takarda ta kawo miki in ta zo sarin kaya, don wayar gidan a hannun maigidan take, maganar kuma ba ta gaban maza ba ce.

'Yar taki wata tara ke nan, amma sati uku ta ƙi nonon hagu. Da na kai mata sai ta kau da kai. Na taɓa na ji wani ƙulli kamar ƙwallon dabino, ba ya zafi, ba ya motsi. Jiya wasu ma'aikatan asibiti suka kafa rumfa a bakin kasuwa suna duba mata kyauta. Na shiga. Matar ta daɗe tana taɓawa, sannan ta ba ni takarda, wai in je a yi hoto cikin satin nan. Yadda ta dube ni bai yi mini daɗi ba.

Yaya, tun rasuwar Inna ba ni da mai faɗa mini sai ke. In je?

Ƙanwarki,
Fadila

Maiduguri
20 ga Oktoba

Fadila,

Wa alaikumus salam. Kai, 'yar nan! Haihuwar fari ta sa ki zama farar kura. Har yau ma kunya ba ta bar ki ki kira sunan Bahijja ba, wai "'yar taki". To 'yar tawa lafiyarta ƙalau, ke ma haka.

Nono ne ya daskare. Ni da na shayar da shida za a gaya wa? A goyon Safiyatu sai da nawa ya yi kamar dutse, na gasa da ruwan zafi, kwana huɗu ya wuce. Mutanen nan ba su san komai ba sai wuƙa. Su tsorata ki ruwan nono ya ƙafe, yarinya ta sha me? Ki bari sai an yaye ta tukuna, in ya so a duba. Gaggawa aikin shaiɗan ce.

Ranar yaye ni za a kawo wa ita, sati biyu, kamar yadda Inna ta riƙe mini nawa. Ki gaida maigidanki Malam Zakariyya.

Yayarki,
Hauwa

Dembe
3 ga Yuni

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da shiruna, ban san ta inda zan fara ba.

Na yi ta gashi kamar yadda kika ce. Ƙullin bai tafi ba. Fatar wajen ta koma kamar ɓawon lemo, wani kuma ya fito a hammata. Bayana ya riƙe, har na kasa goya 'yar taki. Ranar da na kasa ɗaga bokiti ne maigidan ya ɗora ni a babur sai asibiti.

Ciwon daji ne, Yaya. Sun ce ya kai ƙashi. Takardar Oktoba tana cikin jakata, likitar ta gani, ta karanta kwanan watan, ta ajiye. Na ce mata ai shayarwa nake yi. Ta ce hoton ba ya hana shayarwa, da na zo a lokacin da akwai abin yi da yawa. Yanzu magani ne na rage ciwo da jan kwana, kuma kafin in fara dole in cire yarinya daga nono.

Ina jin tsoro ƙwarai.

Fadila

Maiduguri
9 ga Yuni

Fadilata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sau uku na sa Safiyatu ta karanta mini, ko idona ne ya yi ƙarya.

Ni ce. Kin kai kanki wurin masu sani, sun ba ki takarda a hannu, ni da bakin nan nawa na ce ki zauna. Shida na shayar, sai me? Wallahi ban san me zan yi ba. Na tambayi likitoci biyu a nan, duk magana ɗaya. Na ce a kai ki Kano, sun ce ko'ina haka za a faɗa. Zan taho da zarar na samu mai riƙe gida. Ki yafe mini, ko da yake ni ba zan yafe wa kaina ba.

Hauwa

Dembe
15 ga Yuni

Yaya,

Na yafe tun kafin ki roƙa. Abu ɗaya nake so: ke da Safiyatu ku je a duba ku kafin ki taho.

Ga 'yar taki nan tare da Hajiya Maiturare, ta zo yaye. Za ki ga kayan sun fi na sati biyu, kada ki tambaye ni. Wasu rigunan sun yi mata yawa, za ta kai su. Tana son kunun gyaɗa, ba ta barci sai an shafa mata baya.

Bahijja. Yau na kira ta da sunanta a bakin mota, ta juyo ta dube ni.

Ki riƙe mini ita, Yaya.

Fadila